Jan Kafso da Kunnen Yaya Ladi

Yayata Ladi ba ta ji yanzu, kunnenta duka biyu sun mutu. Tarin fuka na kai mata har ɗaki, allurar maganinsa ta ɗauke mata ji. Ni da na kawo ciwon na warke, kunnena garau. Ban yi makaranta ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma ban iya dogon zance ba. Ina faɗa ne saboda 'yan'uwana masu yankan katako, da duk mai shiga kemis ya ce a ba shi jan kafso.

A Sabon Gari nake aiki, kan injin tsaga katako, tun gemu bai fito min ba. A wurinmu tari ba ciwo ba ne. Kowa na yi. Wanda ba ya tari sai a ce sabon shiga ne. Maganinmu iri biyu. Na farko madarar gwangwani, in an tashi aiki ka huda ta da ƙusa ka shanye, a ce ta wanke ƙura daga ƙirji. Na biyu jan kafso, in tarin ya matsa. Ka sayi biyu ko huɗu, gwargwadon aljihunka. In ka sha fitsarinka ya koma kamar ruwan zoɓo, mu ce ga dattin nan yana fita. Har gasa ake yi a bayan shago. Wanda nasa ya fi ja, shi ya fi wankuwa.

Kuma yana aiki, abin da ya cuce ni ke nan. In na sha tarin ya lafa, na ci abinci, na koma kan inji. In ya dawo na koma kemis. Shekaru na yi a haka. Ban taɓa tambayar sunansa ba, mai kemis bai taɓa tambayata me zan yi da shi ba.

Wata damina ya daina yi min aiki. Na ƙara yawa, fitsari ya ƙara ja, tari bai ko gezau ba. Sai zazzaɓi da yamma, sai gumi ya jiƙa min riga. Wando ya fara zamewa, na ƙara huda a bel, na sake ƙarawa. Wata rana na yi tari a kan farin katako, jini ya fito ya zauna a kansa, kowa ya gani. Maigidanmu ya ce in je gida in huta. Ba ni da gida. Mun rabu da matata da daɗewa, a shago nake kwana.

Wani ya kai wa Yaya labari. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Mijinta ya mutu, 'ya'yanta sun yi aure nesa, tana sayar wa ɗalibai shinkafa da wake a wata rumfa a Samaru. Ta zo da keke ta same ni kwance kan buhun dusar katako.

"Sale, kai ne wannan, ko ƙasusuwanka suka ajiye min?"

"Ƙura ce, Yaya."

"Ƙurar ubanka."

"Ubanmu ɗaya ai."

"Shi ya sa na zo. Tashi."

Ɗakinta ɗaya ne a gidan haya, taga ɗaya. Ta ba ni gado, ta koma tabarma. Ta zuba toka a gwangwani ta ajiye min na tofi, ita ke zubarwa, ita ke wankewa. Makon farko masu shawara suka yi ta zuwa. Kawu Musa ya taso daga Bomo da kitsen damo a kwalba, ya ce jifa aka yi min a wurin aiki. Maƙwabciya ta ce nonon raƙumi. Wata ta ce tafarnuwa da zuma. Duk na sha. Kitsen damo ya fi komai wari, ya kuma fi komai tsada.

Mako na uku Yaya ta rufe rumfa ta kai ni ƙaramin asibiti. Layi tun safe har azahar. Suka ba ni ɗan kofi na yi kaki, suka ce mu dawo. Da muka dawo nas ta ce sun duba a madubin ganin ƙwayar cuta, tarin fuka ne.

"Ka taɓa shan maganin tarin fuka?"

"Ban taɓa ba."

Iya sanina na faɗa. Ta ce magani kyauta ne, wata shida, kada in tsallake ko rana ɗaya. Ta ce Yaya ta buɗe taga, ta daina kwana kusa da ni, amma in na yi 'yan makonni ina sha ba zan ƙara harbin kowa ba. Sannan ta ce, "Fitsarinka zai yi ja, kada ka tsorata."

Nan na gane jan kafso na cikin maganin. Na buɗe baki zan ce ai tsohon abokina ne, na rufe. Layi na bayana, yawanci mata, ba na son yarinya ta yi min faɗa a gabansu. Har daɗi na ji a raina, na ce ashe tun da can maganin daidai nake sha.

Yaya ta bi doka. Ta kai tabarmarta baranda, sauro ya ci rabonsa. Da makonnin suka cika ta dawo ciki. Ta rufe taga, don ruwa na feso mata buhun shinkafa. Ta koma cin abinci da ni a kwano ɗaya, wai in ba ta sa ido ba ba na ci. Ta yi daidai bisa abin da aka gaya mata. Maganin ne ba ya taɓa abin da ke ƙirjina, ba wanda ya sani.

Bayan wata biyu ina nan ina tari. Aka sake duba kaki, ƙwayar na nan. Nas ta harare ni ta ce ba na sha. Yaya ta ce, "Ni ke sa masa a baki, 'yar nan, har leƙa ƙarƙashin harshe nake yi." Sai suka tura mu babban asibiti, wai akwai injin gwajin kaki a can.

Zuwan farko aka ce kwalin da ake zuba kakin ya ƙare. Na biyu ba wuta, janareta ba mai. Kowane zuwa Yaya ta rufe rumfa, ta biya mota, ta saya min abin da zan ci. Magani kyauta ne, amma hanyar zuwa wurinsa ba kyauta ba ce. A zuwa na uku muka haɗu da Malam Bitrus, ma'aikacin ɗakin gwaji, dattijo mai furfura, ɗan Wusasa. Ya dubi kofina ya miƙo min.

"Malam Sale, wannan yawu ne. Je bayan bishiya ka tono min na can ƙasa."

Na tono. Yaya ta tare shi a ƙofa, ita ba a wuce ta da abu.

"Malam, me wannan injin zai gani da na can bai gani ba? Don ba zan sake rufe rumfa a banza ba."

"Mama, kin san masu fotokofi?"

"Kusa da ni suke. Su ke cinye min ƙanzo."

"To aikinsu injin nan ke yi. Kowace ƙwayar cuta tana da rubutun halittarta a cikinta, ana ce masa DNA."

"Ba shi ake yi wa yaran da ake tababar ubansu ba? Wannan dai ƙanena ne, ko da ban so ba."

Ya yi dariya har ya dafa bango. "Ba nasa za mu duba ba, na ƙwayar. Rubutun ya yi kaɗan a cikin kakin nan, ba ya karantuwa. Sai aka sa wani sinadari a cikin kwalin, sunansa folimares. Shi ba ya komai sai kwafa. Ya kama shafi ɗaya ya mai da shi biyu, biyu su zama huɗu. Inji ya yi zafi ya huce, ya yi zafi ya huce, kowane zagaye abin ya ninka, har ya isa a karanta."

Na ce, "Zafin ba ya kashe shi?"

"Asalinsa daga jikin wasu ƙananan halittu aka samo shi, masu zama a maɓuɓɓugar ruwan zafi. Ya saba."

Sunan ya zauna min a ka. Har yau ina iya faɗinsa, ni da ban riƙe sunan maganin da na yi shekaru ina sha ba.

Kafin la'asar sakamako ya fito. Ya kira ni ciki ni kaɗai, ya ba ni abin rufe baki, ya sa nasa.

"Ita ma ƙwayar tana da nata irin folimares ɗin. Shi ke karanta rubutun ya fitar mata da umarnin aikinta na kullum. In ya tsaya ta mutu. A cikin magungunan da aka ba ka, mafi ƙarfi shi ne mai sa jan fitsari, aikinsa ya shiga ya toshe wannan. Wace sana'a kake yi?"

"Injin katako."

"In ka cusa guntun ƙarfe a bakin injin fa?"

"Ya tsaya."

"To taka ƙwayar ta canza bakin injinta, ƙarfen ba ya zama. Shafin da muka kwafa shi ke ɗauke da fasalin bakin, mun ga an taɓa shi."

"Wa ya taɓa?"

"Ko dai haka ka kamo ta a wurin wani. Ko kuma ta daɗe tana haɗuwa da maganin shi kaɗai, kaɗan-kaɗan. Masu rauni su mutu, mai taurin kai ta rage ta hayayyafa. Ka taɓa shan wani abu mai sa jan fitsari kafin wannan?"

Na gaya masa duka, har gasar bayan shago. Bai yi faɗa ba. Da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Wa ke kwana ɗaki ɗaya da kai?"

Ta taga ina hango ta a kan benci, tana ɓare gyaɗa tana tara min a gefen zani.

A mota na gaya mata. Ta ce, "Shashasha." Da muka sauka ta saya min ayaba.

Suka gwada ta a makon, ba a ga komai ba. Ni aka kwantar da ni a asibitin masu irin wannan tarin, can bayan gari. Allura kullum, ƙwayoyi cike da tafin hannu. Amai, jiri, ɗuwawu duk ya yi tauri har nas ta rasa inda za ta soka. Na jure. Jurewa ce kaɗai abin da na iya. Yaya na zuwa duk Lahadi da kula cike da abinci, mu zauna a waje, iska na kaɗawa.

Wajen wata na uku ta juya baya ta yi tari a mayafi. Na san wannan tarin kamar yadda na san ƙarar injina in zarto ya dakushe.

"Tun yaushe?"

"Hayaƙi ne."

"Yaya, tun yaushe?"

"In ɗalibai suka ji, wa zai ƙara cin abincina? Kai za ka ciyar da ni daga kan gadon nan?"

Ashe alawa take tsotsa duk yini don ta danne shi. Na gaya wa nas a gabanta, ta zage ni tas. Aka ɗauki kakinta aka kai wa Malam Bitrus. Na roƙi izini na bi ta ranar karɓar sakamako. Ya gan ni ya gane ni.

"Akwai. Kuma irin taka ce, ba ta jin jan maganin. A wuri ɗaya aka taɓa."

"Ita ba ta taɓa shan jan kafso ba. Ko na ciwon kai sai an yi rigima."

"Na sani. Ƙwayar da wayonta ta zo mata."

"Ni na koya mata ke nan."

"Malam Sale, injin nan ba alƙali ba ne. Ƙwayoyi da yawa a wannan wurin suke canzawa. Ba zai ce daga wane zuwa wane ba. Kai ma wataƙila haka ka same ta a wurin aiki."

Mutumin kirki ne, ya so ya ba ni hanyar fita. Ban bi ba. Na san wa ke kan gado, na san wa ke kan tabarma.

Aka kwantar da ita a ɓangaren mata. Rumfa ta tafi, wata ta karɓe wurin. Kawu Musa ya zo sau ɗaya, ya tsaya nesa ya rufe hanci da hula, ya ce an jefi gidan ne gaba ɗaya. 'Yarta ta aiko da garin kunu. Sauran dangi waya suka riƙa yi.

Ita ma aka fara mata allura. Ranar farko nas ta gaya mata, kamar yadda ta gaya min, cewa allurar na iya taɓa kunne, in ta ji ƙara ko jinta ya ragu ta faɗa nan take. Wannan ba zan ɗora wa asibiti ba. Sun faɗa.

Da hantsi ana barin mu zama ƙarƙashin mangwaro, maza gefe, mata gefe. Mu biyu mukan haɗu a tsakiya. Ta rame, amma bakin na nan. Ta ce abincin asibitin ko akuya ta ba wa sai ta nemi gafararta. Wata rana na ga tana ta murza kunne.

"Sale, kamar an kunna min injin niƙa a ka."

"Kin gaya musu?"

"In na faɗa su tsayar da allura su ƙara min watanni. Ni fita nake so."

Abin da ya kamata in yi na san shi. Na yi shi a kan tari, ta zage ni, zagin ya wuce. Amma ranar na gaji da ganin abin da na jawo mata yana ƙaruwa. Na so a ce ba komai ba ne. Na ce, "Ki daure. Ni ma na ji haka, ya wuce."

Ban taɓa ji ba. Ko sau ɗaya. Ta dube ni ta ce, "To, tunda kai ka riga ni shiga." Ta yarda da ni don na riga ta.

Makonni suka wuce. Ta fara magana da ƙarfi, na ce halinta ne. Ta fara kallon bakina in ina magana, na yi kamar ban lura ba. Ranar da abin ya fito fili muna layin awo. Nas ta kira Ladi. Ta sake kira. Ta ɗaga murya har maza suka waiwayo. Yaya na zaune gabanta kaɗan, tana gyara ɗankwali. Sai da wata ta taɓa ta.

Suka tsayar da allurar a ranar, suka canza mata magani. Likita ya duba ta, ya kira ni a matsayin ɗan'uwa.

"Yaushe ta fara jin ƙara?"

"Ya kwana biyu."

"Ta gaya maka?"

"Ta gaya min."

Ya dube ni, ya mai da kansa kan takarda. Ya ce abin da allurar ta ci ba ya dawowa, sauran da ya rage ma zai iya bin sa ko an daina. Haka aka yi. Kafin a sallame ta ko aradu ba ta ji, sai dai ta ji ƙasa ta motsa.

Ƙirjinta ya warke. Nawa ma. Aka yi ta gwaji har aka ce ba komai, aka sallame mu, ni na riga ta.

Ina godiya ga Malam Bitrus, da ya tsaya ya yi wa jahili bayani kamar mutum. Ina godiya ga nas-nas ɗin da ke shiga ɗakin da danginmu suka ƙi shiga. Magani mai tsada aka ba mu ba a karɓi ko kwabo ba, ban manta ba. Amma ina da ƙorafi. Injin nan yana garin nan tun ranar da na fara zuwa ƙaramin asibiti. Da shi aka fara da ni, da cikin yini ɗaya an sani, da Yaya ba ta dawo daga baranda ba. Na ji an ce yanzu da shi ake farawa, kuma an samu magani na haɗiya kaɗai, ba allura. Madalla. Ya zo wa wasu a kan lokaci. Kwanan baya na shiga kemis a Sabon Gari na ce a ba ni jan kafso biyu, don in gani. Aka ba ni. Na biya, na jefa a kwata.

Ga abin da zan ce wa 'yan katako. Jan fitsari ba datti ba ne, launin maganin ne kawai. Tari in ya wuce mako biyu ku je a sa kakinku a inji. In aka tambaye ku me kuka taɓa sha, ku faɗi komai, ko a gaban mata ne. In mai jinyarku ko wanda kuke jinya ya ce ya ji wani abu, ku kai maganar gaba, ko zai zage ku. Na je shagonmu na faɗa musu haka. Wasu sun ji. Wani ya ce asibiti ya mai da ni malami.

Maganar kafso Yaya ta sani. Maganar ƙarƙashin mangwaro ba ta sani ba. Ba ta karatu, ni kuma nunin hannun da na iya bai wuce na cokali da kwano ba, ba zai ɗauki wannan zance ba. Har yau tana gaya wa mutane, da muryar nan tata da ba ta san ƙarfinta ba, cewa ƙanenta ma ya yi ƙarar kunne, nasa ya wuce, nata ne ya zo da ƙaddara. Ina tsaye take faɗa.

Ban koma kan inji ba, ƙirjin ba zai ɗauka ba. Mun samu wata rumfa a Samaru, ƙarama, bayan layin masu ɗinki. Ita ke girki. Ni ke tsayawa gaba, ɗalibi ya faɗi abin da yake so, in taɓa kafaɗarta in nuna mata. In na yi kuskure ta zage ni, duk layin ya ji. Ɗaki ɗaya muke, na mayar mata da gadonta.

Tana da ƙaramar rediyo. Kowace safiya tana kunna ta, ta ajiye kusa da murhu, ta ce rumfa ba rediyo kamar gidan makoki ce. Wani lokaci batir ya mutu tun hantsi, ta yini da ita a kunne ba ta sani ba. In ta juya wajen tukunya sai in canza batirin.